An dakatar da shi saboda rumfar POS: yadda lamarin ya tafi daga kweri har zuwa kwamiti

Lamarin da zan kawo na wani ma'aikaci ne a ofishin jiha na wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Arewa, ba zan faɗi sunansa ko na hukumar ba don har yanzu yana aiki a wurin kuma mai iyali ne. Mataki na 8 na albashi yake, a sashen rajista inda fayiloli ke shiga suna fita, yana da mata da yara, ga mahaifiya a hannunsa. An dakatar da shi babu albashi bisa zargin yana barin ofis a lokacin aiki yana tafiya wurin kasuwancinsa. Na bi maganar tun daga farko saboda maƙwabcina ne kuma na daɗe a ɓangaren mulki na ma'aikata kafin na bar aiki, kusan duk takardar da ta fito na gan ta da idona.

Rumfar dai ba ɓoyayyen abu ba ce. Tun da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, buhun shinkafa ya haura dubu 80, kuɗin mota zuwa ofis kaɗai yana cin kaso mai tsoka na albashi, ƙarin dubu 35 ɗin da gwamnatin tarayya ta yi wa ma'aikatanta ma yau a biya gobe a yi shiru, mafi ƙarancin albashi kuma sai a Yulin 2024 aka sa hannu ya koma dubu 70 daga dubu 30. A wannan tsakanin ne ya ci bashin kofaretib ɗin ofis ya kafa 'yar kwantena a bakin titin unguwarmu, POS da cajin waya da injin fotokwafi ɗan gwanjo, ya zaunar da ƙaninsa da ya gama NCE yana zaman kashe wando. Yaron BVN ɗinsa na da matsala, ranar haihuwa ba ta dace da ta NIN ba, shi ya sa aka buɗe na'urar da sunan yayan. Sai kuma a 2024 hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ta ce dole duk masu POS su yi rajistar kasuwanci, shi kuma tunda sunansa ke kan na'ura ya je ya yi rajistar da sunansa, shi kaɗai a matsayin mai shi. A ransa bin doka yake yi. Wannan takardar ta CAC ita ce ta zo ta fi komai yi masa nauyi daga baya.

Ƙorafin daga cikin ofis ya fito, wani abokin aikinsu ne da suka taɓa samun saɓani kan jerin sunayen waɗanda za a tura bita ya rubuta wa shugaban ofishin, ya haɗa da hotunan sitatus ɗin WhatsApp inda aka rubuta "akwai kash a ƙasa" da hantsi ranar aiki, da hoton mutumin namu a tsaye gaban kwantenar ba a san ko wace rana ba ce. Ni ban damu da niyyar mai ƙorafi ba, kuma na gaya wa maƙwabcin nawa shi ma ya daina damuwa da ita, ko don hassada aka kai ƙararka kwamiti ba hassadar zai bincika ba, abin da aka ce ka yi zai duba.

Ranar Alhamis da la'asar ana shirin tashi masinja ya kawo masa takardar tuhuma, kweri kenan, ya ce ya sa hannu a littafi ya rubuta lokaci. An ba shi awa 72 ya yi bayanin dalilin da zai hana a hukunta shi. Tuhuma uku ce a ciki amma an cusa su cikin jimla ɗaya doguwa kamar abu ɗaya ne: yana gudanar da kasuwanci alhali yana cikakken ma'aikacin gwamnati, yana barin wurin aiki ba izini don kasuwancin, kuma yana amfani da takardu da tawadar firintar ofis a shagonsa. Waɗannan abubuwa uku ne mabambanta, kowanne da dokarsa da irin hujjar da yake buƙata da nauyin hukuncinsa, kuma rashin raba su tun daga ranar farko shi ne ya jawo duk wahalar da aka sha, daga ɓangarensa da ɓangaren ofis ɗin gaba ɗaya.

Bai nuna wa kowa ba. Ya zauna cikin dare da zafin rai ya rubuta amsa shafi uku, ya miƙa ranar Litinin da safe. Da na karanta kwafin daga baya gabana ya faɗi. Ya ce shi ba shi da wani kasuwanci ko kaɗan, rumfar ta ƙaninsa ce, ya ce rabin ofis ɗin kasuwanci suke yi, ya lissafo mata masu sayar da atamfa da turaren wuta a cikin ofis, ya ambaci wani babba da ya ce yana da gidan mai, ya rufe da cewa bita-da-ƙulli ake masa. Babu takarda ko ɗaya da ya liƙa. Duk abin da ya faɗa kan sauran mutane mai yiwuwa gaskiya ne, amma amsar kweri ba wurin wannan ba ce, ka ƙara wa kanka maƙiya ne kawai cikin mutanen da gobe za a iya kira shaida. Mafi muni ita ce jimlar farko, domin binciken sunan kasuwanci a shafin CAC ba ya cin minti biyar, jami'in mulki ya shiga ya ga sunansa ɓaro-ɓaro a matsayin mai kasuwancin ya buga ya saka a fayil. Daga nan magana ta tashi daga ma'aikaci mai 'yar rumfa ta koma ma'aikacin da ya yi wa hukuma ƙarya a rubuce. Ba a yi mako biyu ba takardar dakatarwa ta sauko daga hedikwata.

Bari in tsaya kan doka kaɗan don mutane da yawa suna aikin gwamnati shekara da shekaru ba su taɓa karanta wannan wurin ba. Kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na 5, kashi na 1, sakin layi na 2, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga cikin gudanarwa ko tafiyar da kowane kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, abu ɗaya tak aka cire shi ne noma. Ko da daddare kake yi ko ranar Asabar, dokar ba ta ce lokacin aiki kawai ba. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana iya raba mutum da kujerarsa ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har shekara 10. Kuma wayon da ake yi na sa sunan mata ko ƙani alhali kai ke juya komai a bayan fage, sakin layi na 13 ya toshe shi, ya ce wanda ya yi abin da aka hana ta hannun wakili kamar shi ya yi da kansa. Amma akwai ɗaya gefen da ya taimake mu: Kotun Ƙoli a shari'ar Nwankwo da Nwankwo ta 1995 ta bambanta tsakanin mutum ya zuba jari ko ya mallaki rabo a kasuwanci da kuma ya zama shi ke tafiyar da shi, na biyun aka hana. Don haka tambayar gaskiya a lamarin maƙwabcina ita ce wa ke tafiyar da rumfar yau da gobe, kuma da wane lokaci.

Sai dokokin aikin gwamnati, littafin da kowace ma'aikatar tarayya ke bi, hukumomi ma daga shi suke ɗebo nasu sharuɗɗan, an sabunta shi a bugun 2021. A ciki tallan kaya a harabar ofis ƙaramin laifi ne, rashin gaskiya ma yana cikin jerin, barin aiki ba izini da riƙe cikakken aiki biyu masu albashi suna cikin manyan laifuka da za su iya kai mutum ga kora. Dakatarwa kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake ce maka zauna a gida ana bincike amma ana ba ka aƙalla rabin albashi, akwai wadda ake tsayar da komai, ita wannan ta biyun an tanade ta ne don inda aka riga aka ga alamar babban laifi a fili kuma barin mutum a kujerarsa zai cutar da jama'a. Shi ta biyun aka yi masa.

A nan ne nake ganin ofis ɗin bai kyauta ba, kuma zan faɗa ko a gaban wa. Mutumin nan ba kuɗin gwamnati aka ce ya ci ba, ba fayil aka ce ya ɓatar ba, wane haɗari zamansa a rajista zai jawo da har sai an yanke masa abinci kafin a saurare shi? Tsayar da albashin mai mataki na 8 a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 hukunci ne cikakke, ko da an kira shi da sunan jiran bincike. Littafin nan da suka dogara da shi ya ce a fara a gama maganar ladabtarwa cikin kwana 60 in ba laifin da ya shafi kotu ba ne, nasa ya zarce haka nesa, fayil ya je Abuja ya kwanta, an ce sai kwamiti ya cika, an ce wani mamba ya tafi Umara, kowane uzuri ƙarshen wata ne guda ke wucewa ba alat.

Abin da na gani a gidan ba zan manta ba. Yaran aka mayar da su makarantar gwamnati a tsakiyar zango, matar ta sayar da injin markaɗenta, kofaretib na kira saboda daga albashi suke cirar bashinsu kuma albashin ya tsaya. Da safe sai ya yi wanka ya sa kaya ya fita kamar mai zuwa aiki don kada tsohuwa ta gane, ya je masallacin bakin kasuwa ya zauna har azahar. Ita kuwa ta gane tun satin farko, wata rana na shiga gaishe ta ta riƙe hannuna ta ce, ɗan nan, ka gaya wa ƙaninka ya daina wahalar da kansa da fitar nan, na sani, Allah ya kawo mafita. Rumfar da ake tuhumarsa a kanta ita ce ta riƙe gidan a watannin nan, kuma duk da haka na hana shi ko tsayawa a gabanta, domin in aka ƙara ɗaukarsa hoto a wurin yana cikin dakatarwa an gama.

Da ya zo wurina abu na farko da na tambaye shi shi ne, tsakaninka da Allah, ka taɓa fita a lokacin aiki don rumfar nan? Ya yi shiru, can ya ce Yaya, gaskiya na taɓa. Ranar da kash ya yanke wa yaron sai in fita bayan azahar in je banki ko wurin wani mai gidan mai in karɓo in kai masa, wani lokaci awa ɗaya wani lokaci ya fi, kuma in tiransifa ta maƙale ni ake kira tunda lambata ke kan asusun, sai in fita baranda in yi ta waya. Na ce to wannan shi ne laifinka, shi za ka amsa da bakinka kafin a ciro maka shi, sauran biyun kuma za mu kare da takarda. Bai so ba, yana ganin amsa laifi kamar miƙa wuya ne ga wuƙa. Na ce masa ka riga ka yi musu sau ɗaya an kama ka, in ka sake na biyu ko gaskiya ka faɗa bayan nan babu mai yarda.

Ni fa ban ɗauki wannan ɓangaren da wasa ba ko da ba doka. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu, akwai wanda yake karɓar aikin kowa kamar tela ko makaniki, shi a kan aikin ake biyansa, akwai kuma wanda mutum ɗaya ya ɗauka na wani lokaci sananne, shi lokacin nasa ne aka saya, daga ƙarfe 8 zuwa 4 ba nasa ba ne. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta fara. Kuma a rajista yake, wanda ya taɓa bin fayil ɗin fansho ya san me ake nufi da a ce mai tebur ya fita, dattijo ya taso daga ƙauye da kuɗin motar da ya ranto ya zauna kan benci har la'asar a ce masa ya dawo gobe, awa ɗayan nan da ake rainawa ita ce ranarsa gaba ɗaya. Amma addinin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce hujja tana kan mai da'awa, ya ce a Suratul Hujurat aya ta 6 a bincika labari kafin a afka wa mutane. Ofis ɗin ya riƙe maganar cika alkawari ya saki ta hujja da bincike.

Muka rubuta takarda ta biyu, shafi ɗaya da rabi, ta hannun shugaban ofis zuwa hedikwata, kwafi ga sakataren ƙungiyar ma'aikata. Ya janye jimlar da ya ce ba shi da kasuwanci ya ba da haƙuri a kanta, ya bayyana yadda sunansa ya hau takardar CAC, ya janye sunayen mutanen da ya ambata, ya amsa fitar da yake yi, sannan ya nemi abu uku: a ba shi kwafin duk takardar da za a yi amfani da ita a kansa, a bar shi ya kasance a wurin in za a ji shaidu ya yi musu tambaya, kuma a mayar da dakatarwar ta rabin albashi kafin a gama. Biyun farko ba alfarma ba ce, sashe na 36 na tsarin mulki ma ya tsaya kan a saurari mutum da adalci, kuma kotun ma'aikata ta ƙasa ta sha rushe korar ma'aikatan gwamnati saboda tsallake waɗannan matakan ko da mutumin yana da laifi. An ba shi biyun, na ukun ba a ko amsa ba.

Tattara hujja ita ce ta ci lokaci. Ya sauke cikakken bayanin hada-hadar na'urar POS na watannin da ake magana, mu kuma muka nemi kwafin rajistar zuwa aiki da littafin fita da littafin aika fayiloli, wannan na ƙarshen shi ne ya fi amfani domin duk fayil ɗin da ya bar rajista sai ya sa hannu ya rubuta lokaci, wanda ya karɓa shi ma ya sa. Muka baje su a tabarma muna bi rana-rana da biro ja. Sai ka ga ƙarfe 11 da 'yan mintuna na'ura ta biya wani dubu biyar a unguwarmu, a daidai wannan lokacin ga sa hannunsa yana miƙa fayil a ofishin akanta a can cikin gari, tsakanin wuraren biyu tafiyar kusan rabin awa ce a keke napep. Haka shafi bayan shafi. Bayanin na'ura yana nuna tana aiki ne kawai, ba ya nuna wa ke riƙe da ita, littafin ofis ɗin nasu shi ya nuna inda mutumin yake. Sitatus ɗin WhatsApp kuma ashe daga wayar shago ake sa shi, layin ne da sunansa, wayar tana hannun ƙanin. Maganar firinta ma ta mutu da wuri, injin shagon da na ofis ba irin tawada ɗaya suke sha ba, ga rasit ɗin mai sayar masa da takarda a kasuwa, ma'ajin ofis kuma ya duba littafinsa ya ce abin da rajista ke karɓa bai ƙaru ba.

Amma littattafan nan ba su yi masa kara ba, sun nuna ramukan ma. Akwai ranaku da daga bayan azahar zuwa wajen ƙarfe uku babu sa hannunsa a ko'ina, kuma bai rubuta a littafin fita ba, a wasu daga cikinsu ga cirar kuɗi mai yawa daga asusunsa a banki. Da kanmu muka yi musu alama muka sa a gaba.

Ranar zaman kwamiti ba a bar ni na shiga ba tunda ni ba ma'aikacinsu ba ne, wakilin ƙungiya ne ya raka shi, su biyun suka ba ni labari. Shugabar kwamitin wata darakta ce daga hedikwata, ta ɗaga takardar CAC ta ce wannan sunan waye? Ya ce nawa ne, ranki ya daɗe. Ta ce a amsarka ta farko ka ce ba ka da kasuwanci. Ya ce na faɗa, tsoro da fushi ne suka sa ni, ba daidai ba ne, na janye a rubuce. Ta juya shafi ta ce waɗannan ranakun da aka ja wa layi fa, wa ya ja? Ya ce ni ne, su ne ranakun da na fita ba izini. Wakilin ƙungiyar ya ce daga nan yanayin ɗakin ya sauya, tambayoyin suka koma na neman fahimta. An kira mai ƙorafin, da aka tambaye shi ranar da ya ɗauki hoton ya ce ba zai iya tunawa ba, maƙwabcina ya roƙi a duba kayan jikinsa a hoton, babbar riga ce da hula ta zuwa ɗaurin aure, ga rumfunan biki a bayansa, ranar Asabar ce. Mai gadin ƙofa shi ma ya ba da shaida, ya ce yana ganin fitarsa jefi-jefi bayan sallah amma ba kullum ba, kuma ba shi kaɗai ke fita ba.

Hukuncin da ya fito: maganar kayan ofis an wanke shi tas. Barin aiki ba izini an same shi da laifi, haka ma amsar farko ta rashin gaskiya, aka haɗa aka ba shi takardar gargaɗi mai tsanani da za ta zauna a fayil ɗinsa. Maganar mallakar kasuwanci kuma kwamitin ya yarda ba shi ke zaman rumfar ba, amma ya ce wanda sunansa ke kan rajista shi kaɗai, asusu nasa, shi ke nemo kash, shi ake kira in an samu matsala, da wuya ya ce ba ya cikin gudanarwa, aka ba shi wa'adi ya cire hannunsa ya kawo shaida. Ba su tura maganar hukumar ɗa'ar ma'aikata ba, kuma suna da ikon turawa, wannan sassauci ne babba. Aka ce ya koma aiki, aka canja masa sashe.

Ni a ganina hukuncin kwamitin ya yi daidai, kusan abin da ya kamata a yi ne tun a watan farko da kweri ɗaya da gargaɗi ɗaya. Abin da bai yi daidai ba shi ne hanyar da aka bi kafin a kai can. Laifin da a ƙarshe aka auna aka ga na gargaɗi ne, an riga an biya shi da watanni babu albashi, da makarantar yara, da jarrabawar ƙarin girma da aka yi yana gida wadda sai ya jira wani zagayen. Kuma akwai abin da ke ci mini rai, dokar nan ta sakin layi na 2 kowa ta hau, daga masinja har babban sakatare, amma wanda ake kamawa da ita kusan kullum mai kwantena ne ko mai sayar da atamfa, saboda shi nasa a fili yake kuma bai san lauyan da zai tsara masa takardu ba. Dokar da aka rubuta don kada babba ya ba kamfaninsa kwangila ita ce ake auna mai neman kuɗin cefane da ita. Wasu jihohin sun fara gane cewa albashi ba ya riƙe mutum, Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021 kuma cikin dalilan da aka bayar har da samun lokacin noma, to amma noma kaɗai tsarin mulki ya yarda da shi, ma'aikacin da ke haya a tsakiyar birni ba shi da ko taƙi ɗaya fa?

Wanda ke kamfani mai zaman kansa ya karanta wannan kada ya ɗauka duka ya shafe shi, shi jadawali na 5 bai hau kansa ba, takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin kamfani su ne dokarsa, wasu sun hana aikin gefe gaba ɗaya, wasu sun ce ka sanar kawai, wasu sun hana ne in irin sana'ar kamfanin ce. Kuma kamfani ba shi da ikon dakatar da mutum babu albashi sai in an rubuta hakan cikin yarjejeniyar, in ba a rubuta ba kotun ma'aikata tana sa a biya.

Yanzu dai ƙanin ya gyara BVN ɗinsa, an buɗe sabuwar na'ura da sabuwar rajista da sunansa, kuɗin da yayan ya zuba an rubuta su bashi a gaban shaidu biyu yana biya duk wata, kash kuma ya samu wani mai shagon hatsi da suke musaya da shi, ba ya kiran kowa a ofis. Abin da ya rage shi ne albashin watannin dakatarwa. Tunda an same shi da wani ɓangare na laifi ba a kore shi ba, abin da za a mayar masa yana hannun hukuma, ta ba shi duka ko wani kaso, takardar komawa aikin kuma ba ta ce komai a kai ba. Ya rubuta roƙo ta hannun ƙungiya, an ce fayil ɗin yana sashen kuɗi. Lauyan da muka tuntuɓa ya ce ana iya zuwa kotun ma'aikata, amma a yi hattara da lokaci domin lauyoyin gwamnati kan fake da dokar nan da ta ce a shigar da ƙarar jami'in gwamnati cikin wata uku, shi kuma maƙwabcin nawa yana tsoron kai ƙarar wurin da zai ci gaba da zama a cikinsa har ritaya. Ya ce zai sake rubuta tuni ɗaya tukuna, in ƙarshen wata ya wuce ba amsa sai mu koma wurin lauyan.